Kayan Aikin Maƙerin Fari: Me Za a Saya, Yaya Za a Gwada Shi?

Idan maƙerin baƙi ya ɓata fartanya, sai ya mayar da ita wuta ya sake ƙerawa, asarar ba ta wuce gawayi da gumi ba. Maƙerin fari kuwa dukiyar mutane ce a hannunsa. 'Yan kunnen da mace ta kawo gyara wataƙila su kaɗai suka rage mata daga lefenta. Sarƙar da ta tsinke wataƙila tsarabar Makka ce da mahaifiyarta ta bar mata. Duk abin da magagari ya ci, ko wuta ta cinye, ko sikeli ya ɓoye, haƙƙin wani ne. Don haka matashin da ke shirin buɗe rumfa a Azare, ko dattijon da ke son sabunta kayansa, kafin ya tambayi farashin abu ya kamata ya yi masa tambayoyi uku. Nawa zai sa in yi asara daga ƙarfen mai kaya? Wane tabo zai bari a jikin aikin? In ya lalace, akwai mai gyara shi a nan kusa?

Inda sana'ar ta tsaya a yau

Ƙasar Katagum ta daɗe a kan hanyar fatauci. Malam Zaki ya kafa masarautar a farkon ƙarni na 19, kuma lokacin da Bature Clapperton ya iso Katagum daga Borno a watan Janairu na 1824, a nan ya fara ganin ana ciniki da kuɗin wuri. Bayan wuri sai kuɗin azurfa suka yawaita. Akwai dalar nan mai hoton Mariya Tereza da ke ɗauke da shekarar 1780, mai nauyin giram 28, wadda kashi 83 cikin 100 nata azurfa ne. Akwai kuma sulallan Turawa da aka fara bugawa a 1913, kafin a koma gaurayen tagulla daga 1920. Waɗannan kuɗi sun zame wa maƙeran fari na arewa ma'adini a hannu, ana narka su a yi mundaye, zobba da adon doki. Amfaninsu shi ne an san nauyinsu, an san tsarkinsu. Maƙerin wancan zamani bai cika buƙatar dogon bincike a kan ƙarfen da aka kawo masa ba.

Yau abin ya sauya. Azare, wadda ta zama mazaunin sarkin Katagum tun farkon ƙarnin da ya wuce, tana kan babban titin Kano zuwa Maiduguri, kuma duk abin da ya sauka Kano yana iso ta: gwal na Dubai da na Saudiyya, da kayan ƙyale-ƙyale na Sin masu ruwan zinariya a sama da tagulla a ciki. Maƙerin gida ba zai iya gasar araha da masana'anta ba. Inda yake da rinjaye wuri uku ne: gyara, aikin da aka yi oda daidai da hannun mai shi, da gaya wa mutum gaskiyar abin da ya riƙe. Mutumin Gamawa, Giade ko Yana da ya shigo kasuwa da karyayyen awarwaron matarsa ba zai kai shi Dubai ba. A kan wannan aiki ya kamata a auna kayan aiki.

Akwai ra'ayi biyu da ake yawan ji. Wasu na cewa kayan kakanni sun isa, su kafa hujja da maƙeran Agadas, waɗanda da 'yar uwar maƙera, zuga-zugin fata, kakin zuma da yumɓu suke zuba azurfar da ake nema har Faransa. Wasu kuma na ganin wanda ba shi da inji bai fara sana'a ba. Kowa da gaskiyarsa. Maƙeran Agadas, da na tagulla a Bida, sun nuna cewa hannu shi ne gaba. Amma gyaran siririyar sarƙar da inji ya saƙa yana buƙatar wuta mai tsini da filaya mai laushin baki, waɗanda maƙerar gargajiya ba ta tanada ba. Hanyar da ta dace da aljihun mai ƙaramin jari ita ce ya san inda zai zuba kuɗi ba tare da jin ciwo ba, ya kuma san inda na gida ya wadatar.

Sikeli da dutsen gwaji

Abu na farko da za a saya shi ne sikeli, tun kafin guduma. A mazhabar Malikiyya da muke bi, mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne, wato giram 1 da ɗan ɗori na zinariya idan aka ɗauki dinari a giram 4.25. Zoben azurfa na namiji kuma bai kamata ya wuce dirhami 2 ba, kusan giram 6 ke nan. Nisabin zakka giram 85 ne na zinariya, ko giram 595 na azurfa. Duk waɗannan hukunce-hukunce a kan sikelin maƙeri ko mai sayar da gwal suke sauka. Sikelin da ke kuskuren giram 0.1 ya cinye kusan ushirin mafi ƙarancin sadaki, kuma gargaɗin Suratul Muɗaffifina a kan masu tauye awo bai ware mai ƙaramar rumfa ba.

A nemi sikelin batir mai nuna har giram 0.01, mai murfi da ke tare iska. A saye shi tare da dutsen awo na giram 50 ko 100, domin sikeli ba ya iya shaidar kansa. Gwajinsa a gaban mai sayarwa ba wuya. A ɗora abu guda sau biyar, a ga ko lamba guda yake bayarwa. A ɗora shi a tsakiya, sannan a kowace kusurwa. A ɗora dutsen awo a ga ko ya faɗi daidai. Wanda ya yi rawa a ɗaya daga cikin waɗannan, a ajiye shi komai kyan kwalinsa. A rumfa kuma a kiyaye shi daga iskar fanka, teburi mai gurgunta da batirin da ya yi sanyi.

Na biyu shi ne dutsen gwaji, wato baƙin dutse mai santsi da ake goga ƙarfe a kai a ɗiga asid. Lambar da aka buga a jikin kaya da'awa ce kawai: 916 na nufin karat 22, 875 karat 21, 750 karat 18, 925 kuma azurfa ce mai kyau. Amma hatimi kowa na iya sassaƙa shi. Maganaɗisu yana kama jabun da ke da baƙin ƙarfe a ciki, sai dai tagulla na wuce shi lafiya lau. Abin da aka shafa wa ruwan zinariya yana iya cin gwajin dutse idan ba a ɗan goge wani ɓoyayyen wuri da magagari ba, kuma wannan sai da izinin mai kaya. Akwai kuma gwajin ruwa, wanda sikeli mai kyau ya isa a yi shi: a auna abu a sarari, a sake auna shi a rataye cikin ruwa, a kwatanta. Tsantsar zinariya ta ninka ruwa nauyi sau 19.3, azurfa sau 10.5, tagulla kusan sau 9. Gwajin ba ya aiki a kan abu mai rami a ciki ko mai duwatsu. A haɗa da gilashin ƙara girma mai ninki 10, wanda ke nuna tsaga da tsohon liƙi kafin a karɓi aiki, don kada gobe a ce maƙeri ne ya fasa.

Abin da ke taɓa fuskar ƙarfe

A nan ne karin maganar nan ta araha ba ta ado ta fi zama daidai. Magagari, bakin zarto da filaya su ne ke cin jikin azurfa kai tsaye, kuma ba a iya ƙera nagarinsu a maƙerar unguwa.

Magagari nagari ƙarfensa ya fi abin da yake ci tauri nesa ba kusa ba, haƙoransa a jere suke bai ɗaya. Na ƙasar Suwizalan, irin su Vallorbe da Grobet, su ne suka yi suna a duniya, kuma lambarsu na tafiya daga 00 mai kaushi zuwa 6 mai laushi. Mai farawa lamba 2 ta ishe shi: guda mai faɗi, guda mai rabin da'ira don cikin zobe, sai 'yan ƙanana na lunguna. Tunda suna ma ana satarsa a buga a jikin jabu, a tafi kasuwa da guntun tagulla a aljihu. A ɗaga magagarin a hange shi ta tsawonsa a ga ko ya karkace. A tura shi a kan tagullar: nagari yana kamawa ba tare da an danna ba, ya bar fili sumul, jabu kuwa sai ya zame ko ya bar layuka masu zurfi. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Bayan an saya, a tuna cewa a turawa yake ci, kada a zuba su wuri guda suna gugar juna, kuma wanda ya taɓa dalma ko alminiyam kada ya sake kusantar azurfa.

Zarton maƙerin fari ɗan firam ne da ake ɗaura wa baki siriri kamar zare. Firam ɗin mai araha ma ya yi, muddin maƙallansa na riƙe baki gam. Bakin ne ake zaɓe. Lambar 2/0 ta dace da yawancin aiki, kuma ƙa'idar ita ce haƙora uku su hau kaurin ƙarfen da ake yanka. Ana ɗaura shi haƙora na kallon mariƙi, a ja shi har ya yi ƙara in an taɓa, a shafa masa kakin zuma. Baki mara kyau yana kauce wa layi ya kuma yi ta karyewa, sai dozin uku ta ƙare inda dozin guda ta nagari za ta isa.

Filaya iri uku ake buƙata, mai faɗin baki, mai zagayayyen baki da mai tsini, sai ɗan abin yanka waya. A rufe bakin a ɗaga wa haske. In haske ya ratsa, ba za ta riƙe siririyar waya ba. A girgiza ƙafafunta, in mahaɗar na motsi gefe da gefe za ta riƙa murɗe aiki. Filayar masu gyaran lantarki mai haƙora ba ta wannan sana'a ba ce, domin duk inda ta kama sai ta bar shaida, kuma goge shaidar nan asarar azurfa ce.

Abin da maƙerin baƙi zai yi maka

Ba komai ake nema a kasuwar Sabon Gari ta Kano ko Legas ba. Uwar maƙera, masaba, muntalaga, awartaki, kurfi da ƙananan ƙarafan buga zane, duk maƙerin baƙi da ya san shayar da ƙarfe zai fitar da su daga tsohon sifirin mota ko makamancinsa, kuma in sun dakushe shi zai gyara. Abin lura shi ne fuska. Duk ƙarzanar da ke fuskar guduma sai ta koma jikin azurfa a kowane bugu. Saboda haka a bi ta da sanfefa daki-daki, daga 320 zuwa 600 zuwa 1200, har mutum ya ga fuskarsa a ciki, kuma gudumar da aka goge haka kada a sake buga ƙusa da ita. Ana gane taurin uwar maƙera ta hanyar sakin ƙwallon boris a kanta: in ya yi tsalle sosai ta yi, in ya kwanta ya bar gurbi ta yi laushi.

Gudumar icce mai tauri irin ƙirya, ko ta naɗaɗɗen kirgi, ita ce ke lanƙwasa zobe ba tare da ta miƙe shi ko ta yi masa tabo ba, kuma masassaƙi na iya yin ta icce a yini guda. Sandar zobe kuwa gara a sayi ta ƙarfe mai lambobi, tare da zobban awon yatsa, a kuma gwada su da juna tun a shago, don sau da yawa lambobinsu ba sa haɗuwa.

Teburi ma kafinta zai yi. Ko a zaune a ƙasa ake aiki yadda aka gada, ko a kan kujera, abu biyu ba a barin su: ɗan katako mai tsaga da ake dafa aiki a kai wajen yanka da guga, da fata ko faranti a ƙarƙashi da ke tare garin ƙarfe. Fatar akuya da aka jeme ta isa. Garin da ke zuba kullum kamar tsabar da ke zuba a masussuka ne, wanda ya share ya tara shi ne ke ganin yawansa. A ware na zinariya daban, na azurfa daban, a bi shi da maganaɗisu a cire karyayyun bakin zarto kafin a narka. Na aikin mai kaya kuma a mayar masa, ko a faɗa masa tun farko nawa za a rasa.

Wuta

Tsantsar azurfa na narkewa a digiri 962, zinariya a 1,064, jan tagulla a 1,085. Gawayin ƙirya da zuga-zugi, ko na fata ko mai wilin keke, suna kai wa nan, kuma wajen narki da zubi ba su da laifi. Rauninsu a liƙi ne, domin wutarsu ba ta zaɓen wuri. Mai gyaran sarƙa da 'yan kunne yana buƙatar kan wutar gas da ake iya rage harshensa ya yi tsini. Wajen saye a kunna shi a ga harshe shuɗi tsayayye, a juya makunnin a ga yana ƙaruwa yana raguwa a hankali. Tiyo da regileta su zama na gas na asali, a shafa musu ruwan sabulu a duba kumfa, kuma a zafin bazara irin na Azare kada a bar tukunyar gas a rana.

Kaskon narki kowane ƙarfe da nasa. Wannan ya fi shafar wanda ke haɗa aikin azurfa da zubin alminiyam ko liƙin dalma. Dalma na narkewa tun a digiri 327, kuma ɗan ƙanƙaninta in ya hau azurfa ko zinariya aka kai su wuta sai ya ci su ya bar ramuka. Boraks shi ke sa liƙi ya gudana. Wajen wanke baƙin wuta, alif a ruwan ɗumi ko ruwan lemun tsami sun fi ruwan batir aminci. Wanda ya zaɓi asid, shi ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa cikinsa. Kada a tsoma hantsakin baƙin ƙarfe a ruwan wankin, don sai azurfa ta fito ja. Na tagulla ko na icce ake sawa.

Maganar lafiya ba ƙari ba ce a kan zaɓen kaya. A 2010 gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Maƙeri ba mahaƙi ba ne, amma darasin ya shafe shi: ƙura da hayaƙin ƙarfe ba sa zama inda yara ke wasa ko ake girki. Sinadarin liƙi mai araha wanda ba a san haɗinsa ba yana iya ƙunsar kadmiyam, wanda hayaƙinsa ke lalata huhu da ƙoda. Ɗanyen gwal da aka kama da zaiba yana sakin tururinta in ya ji wuta. Rumfa mai iska, tabarau da abin rufe hanci suna cikin jari.

Manyan injuna

Injin murza ƙarfe, wanda ke mayar da curi ya zama falle ko waya, shi ne burin kowane maƙeri, kuma shi ne ya fi kowane tsada. Na Durston daga Ingila ya yi suna, akwai na Italiya, akwai na Indiya da Sin masu sauƙin kuɗi. Ko sabo ko na hannu, gwajinsa ɗaya ne. A haɗe rodinsa biyu a duba ko haske na ratsawa ta gefe guda. A bi su da farce a ji ko akwai rami ko tsatsa. A saka guntun tagullar da aka gasa ta yi laushi: in ta fito ta karkata, rodin ba su daidaita ba. Mai giya ya fi sauƙin juyawa. Ƙurar hunturu da laimar damina duk maƙiyansa ne, don haka mai da mayafi wajibi ne, kuma ba a saka masa baƙin ƙarfe ko jiƙaƙƙen abu. Farantin jan waya shi ma a gwada shi da wayar tagulla, a ga ko ramukan na raguwa a jere ba tare da sun kankare ta ba.

Injin goge da na huda masu lantarki suna rage wahala, amma a garin da wuta ke zuwa tana ɗaukewa, sana'ar da ta rataya a kansu kullum tana hannun mai sayar da fetur. Gara a fara da abin da hannu ke juyawa, a ƙara ƙaramin mai batir da sola ke iya cajawa in hali ya samu. Kuma kafin a sayi kowane inji a tambaya: in wani abu ya ƙone a cikinsa, akwai shi a Kano?

Yadda za a jera sayayya

Mai farawa ya soma da sikeli da dutsen awonsa, dutsen gwaji, gilashi, magagari uku nagari, zarto, filaya uku, ƙaramar wutar gas, da abin da maƙerin baƙi da kafinta za su yi masa. Da waɗannan zai iya gyara da ƙananan zobba. In ciniki ya kankama sai farantin jan waya, kayan zubi da ƙarafan zane. Injin murza ƙarfe ya zo a ƙarshe, kuma babu laifi maƙera huɗu ko biyar su yi adashi su saye shi tare, su ajiye wurin wanda suka amince da shi. A guji akwatin nan mai kaya hamsin da ake tallatawa a hoto ta WhatsApp, domin hoto ba ya nuna taurin ƙarfe. In dole ne a yi saƙo, a aiki wanda ya san sana'ar, da sharaɗin mayarwa.

Akwai kuma abin da ya wuce ƙarfin mutum guda. Shugabannin maƙera da na kasuwa za su iya ajiye duwatsun awo ingantattu da kowa zai riƙa gwada sikelinsa da su a bainar jama'a. Hukumomin koyar da sana'a irin su NDE da SMEDAN, in za su raba kayan fara sana'a, su zauna da tsofaffin maƙera su rubuta jerin tare, domin magagari uku na ƙwarai sun fi buhun kayan da za su yi tsatsa a lungu. Iyayen gida kuma su koya wa yaransu gwajin kaya kamar yadda suke koya musu liƙi. Yaron da ya san dalilin da ya sa aka ƙi wannan filaya aka ɗauki waccan, ranar da aka yaye shi ba zai kashe jarinsa a kan jabu ba, kuma ba zai koyi darasin a kan dukiyar mutane ba.